Yadda Za Ka Magance Lag da Tsalle-tsallen Ɗan Wasa a PUBG, Free Fire da Call of Duty na Waya

Tambayar da masu buga PUBG Mobile, Free Fire da Call of Duty na waya suka fi aiko mana ita ce: "Ina da data, sabis ya cika, amma ɗan wasana sai ya ruga gaba a fizgo shi baya, me ke faruwa?" Wani ya ce ya riga ya shige bayan katanga sannan harsashi ya same shi. Wani kuma ya danna a buɗe ƙofa, ƙofar ba ta buɗu ba sai da aka gama da shi. Duk "lag" suke kiran abin, alhali ba ciwo ɗaya ba ne, maganin ma ba ɗaya ba. Abin da ke cinye kuɗin mutane shi ne sayen sabuwar waya alhali laifin sabis ne, ko sayen data mai tsada alhali wayar ce ta ɗau zafi. Saboda haka bi matakan nan a jere, kada ka tsallake sai inda aka ce ka tsallake. Na 1 zuwa na 8 kusan duk ba sa cin ko sisi.

Ka tanadi wayarka, manhajar Speedtest ko shafin fast.com, manhajar auna ping irin su PingTools ko Termux, takarda da biro, da layin wani kamfanin daban ko da na aro ne.

1. Fara gane mai laifi: wayar ce ko sabis?

Shiga filin atisaye na wasan. Ka tsaya wuri ɗaya, ka riƙa juya kyamara hagu da dama da sauri. Idan hoton yana yankewa, yana maƙalewa, komai na allon yana tsayawa ya ci gaba, to wayarka ce ta gaza, ka tafi mataki na 7 kai tsaye. Idan kuwa kyamara na juyawa sumul amma mutane ne ke ɓacewa su bayyana a wani wuri, mota na tafiya ta koma baya, ka ɗauki bindiga ba ta shigo hannunka ba sai bayan ɗan lokaci, wannan aikin sabis ne.

Akwai na uku: ɗan wasanka yana tafiya ko harbi da kansa ba ka taɓa komai ba. Wannan ba lag ba ne sam, yana mataki na 8.

Yana da kyau ka san abin da ke jawo fizgewar nan ta baya, domin shi zai sa sauran matakan su zauna maka. Da ka tura ɗan wasanka gaba, wayarka ba ta jiran izini, nan take take nuna maka ya yi gaba, sannan ta aika saƙo ga saba, wato babbar kwamfutar kamfanin wasan. Sabar ce ke da maganar ƙarshe a kan inda kowa yake tsaye. Idan saƙonninka suka ɓace a hanya ko suka makara, a wurinta kana nan inda ka baro, sai ta mayar da kai can. Mutuwa a bayan katanga ma daga nan take: a allonka ka ɓuya, a allon abokin gaba kana fili tukuna, sabar kuma ta karɓi harbinsa.

2. Auna layinka, ka rubuta lambobin

Kada ka yarda da sandunan sabis da ke saman allo. Suna nuna ƙarfin siginar da ke tsakaninka da ƙarfen sabis ne kawai, ba su san cunkoson da ke kan ƙarfen ba. Kada kuma ka ruɗu da yawan gudu. Wasa ba ya bukatar megabit hamsin, saƙonninsa ƙanana ne, abin da yake so su isa a kan lokaci. Lambobi uku za ka nema.

Na farko ping: lokacin da saƙo ke ɗauka ya je saba ya dawo, ana ƙirga shi da milisakan, ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Ƙasa da 60 ka more. Daga 60 zuwa 120 ana wasa lafiya. Ya haura 200, faɗan kusa da kusa ya fara fin ƙarfinka. Idan ka ga 999 a Free Fire, layin ya yanke ne na ɗan lokaci.

Na biyu rawar ping, abin da Speedtest ke rubutawa da jitter. Na uku saƙonnin da suka ɓace a hanya. Waɗannan biyun su ne ainihin masu jawo tsalle-tsalle, kuma su ne mutane ba sa dubawa. Ping 130 da ya tsaya cik ya fi wanda ke lilo tsakanin 50 da 300 nesa ba kusa ba, domin hannunka zai saba da na farkon, na biyun kuwa ba a saba masa.

A Termux rubuta ping -c 100 8.8.8.8 ka danna shiga. A kwamfuta mai Windows kuma ping -n 100 8.8.8.8 ne. Layuka za su fara gangarowa, kowanne da lambarsa a ƙarshe. Zuba musu ido. Layi mai lafiya zai ba ka 44, 47, 45, 49, 46. Mara lafiya zai ba ka 45, 48, 310, 52, 190, sai ya tsallake ɗaya gaba ɗaya. A ƙarshe zai faɗa maka kashi nawa cikin ɗari suka ɓace. Sifili ake so. Ya kai kashi 2 ko 3, za ka ji shi a jikin wasan.

Gargaɗi: wannan adireshin na Google ne, ba sabar wasanka ba ce, don haka lambar da za ka gani a cikin wasa za ta fi wannan girma. Amfaninsa ya nuna maka lafiyar layinka kawai.

Yi awon nan da safe, da rana, da kuma bayan isha'i, ka rubuta. Idan da safe lafiya ƙalau, da dare ya lalace, cunkoso ne a ƙarfen unguwarku, lokacin da kowa ya dawo gida ya buɗe TikTok. Babu saitin waya da zai gyara wannan, sai canjin layi ko canjin lokacin wasa.

3. Kashe masu cin layin a ɓoye

Buɗe fast.com, bayan ya gama ka danna Show more info. Zai nuna maka ping iri biyu, Unloaded da Loaded, wato lokacin da layin ba kowa a kai da lokacin da yake ɗauke da kaya. Idan na farko 50 ne na biyu 600, ka gano ɓarawonka: duk sa'ad da wani abu ya fara saukewa ko ɗorawa, saƙonnin wasanka sai sun bi dogon layi.

Ɗorawa ta fi saukewa ɓarna, domin hanyar fita ta fi ƙunci. Shiga Play Store ka kashe sabunta manhajoji da kansu. Dakatar da ajiyar hotuna ta Google Photos da ajiyar hirarrakin WhatsApp kafin ka fara wasa. Hana WhatsApp da Telegram sauke bidiyon zaurukan da kake ciki da kansu. Idan ka kunna wa wani hotsifot, kashe shi, mutum ɗaya mai kallon bidiyo ya isa ya rusa maka wasa.

Kashe yanayin tanadin batir da na tanadin data, su biyun suna takura wa wasan. Sannan duba ragowar datarka da *323# idan kana Najeriya, domin wasu tsare-tsaren da ake cewa ba su da iyaka suna rage gudu idan ka wuce wani adadi.

Kuskuren da aka fi yi a nan: sauke manhajar "share waya" ko "ƙara gudu". Yawancinsu talla suke ja daga intanet a bayan fage, su ƙara maka matsalar da ka zo gyarawa.

4. Canja wurin zama, gwada wani layin

A Android shiga Settings, About phone, ka nemo SIM status. Za ka ga ƙarfin sigina da lamba mai alamar ragi a gabanta. Kusan -80 yana da kyau, -100 ya fara rauni, -110 zuwa ƙasa wahala ce. Zagaya gidan da wayar a hannu, tsakar gida, bakin taga, saman bene idan akwai. Ɗaki mai rufin kwano da kaurin bango yana cinye sigina, wani lokaci taku biyar zuwa ƙofa ne bambancin.

Idan alamar sabis ɗinka na sauka daga 4G zuwa H+ ko 3G tana komawa, kowace sauka yankewa ce a wasa. A wasu wayoyin, danna *#*#4636#*#* yana buɗe shafin da za ka zaɓi LTE only, wayar ta tsaya a 4G. Gargaɗi: idan layinka ba ya ɗaukar kira ta kan 4G, kira ba zai shigo maka ba muddin kana wannan saitin. Rubuta abin da ka tarar a wurin kafin ka canja, ka mayar da shi bayan wasa. Kada kuma ka taɓa sauran abubuwan da ke shafin.

Mai layi biyu ya sani cewa a wayoyi da yawa kira ya shigo ta layi na biyu, datar na farko tsayawa take har a gama. Idan wasan gasa ne, kashe layi na biyun na ɗan lokaci.

Yanzu sa layin aron nan ka maimaita awon mataki na 2 a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Ba wani kamfani da ya fi kowa a ko'ina. MTN na iya fi a wannan unguwa, Airtel ko Glo su fi a ta gaba, haka abin yake tsakanin Airtel, Moov da Zamani ga mutanen Maraɗi da Damagaram. Kada ka bi maganar abokinka da ke wani gari, takardarka ce shaida. Maganar 5G kuma, MTN ta fara ta a Najeriya a 2022, Airtel ta biyo a 2023. 5G ɗin tana rage ping inda ta kama da ƙarfi, amma a bakin iyakar da take kamawa tana saki, gara ka tsaya a 4G.

5. Idan da rauta ko MiFi kake wasa

Fara auna tsakaninka da rautar kanta. Adireshinta yana rubuce a ƙasanta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Yi masa ping kamar yadda ka yi a baya. Bai kamata ya wuce milisakan 10 ba. Idan yana tsalle zuwa 80 ko 100, matsalar a cikin gidanka take, kamfanin sabis ba ruwansa.

Rauta da yawa na fitar da Wi-Fi biyu, na 2.4 GHz da na 5 GHz. Koma na 5, ya fi tsabta, sai dai ba ya ratsa bango sosai, don haka zauna ɗaki ɗaya da rautar. Wannan 5 ɗin ba shi ne 5G na kamfanonin waya ba, mutane na yawan haɗa su. Na 2.4 kuwa hanya ɗaya yake bi da Bluetooth, shi ya sa wasu ke ganin wasa ya lalace da zarar sun sa abin kunne mara igiya. Mai igiya ya fi, har ƙarar takun abokin gaba ma za ka ji ta a kan lokaci.

Ɗora rautar a sama kusa da taga, kada ka cusa ta bayan talabijin. Idan kwamfuta ko PlayStation kake amfani da ita, sayi kebul na Cat5e ko Cat6 ka haɗa kai tsaye, yana aiki har tsawon mita 100, kuma a ganina babu kuɗin da ya fi wannan amfani a duk harkar. Mai ba kwamfuta data daga waya ya yi amfani da igiyar USB maimakon hotsifot. Idan rautarka na da saitin QoS, wanda ke zaɓar na'urar da za a fifita a layi, saka na'urar wasanka a gaba.

6. Duba sabar da kake kai

Nan ne iyakar abin da dabara ke iya yi. Saƙo a cikin kebul na fayiba yana cin kusan kilomita 200 ne a milisakan ɗaya, ba mai iya ƙara masa sauri. Kebul ɗin ƙarƙashin teku na MainOne da ya taso daga Fotugal zuwa Legas tsawonsa kusan kilomita 7,000 ne, zuwa da dawowa milisakan 70 kenan, tun ba a lissafa Kano zuwa Legas ba, da ƙarasawa cikin Turai, da tsakanin wayarka da ƙarfe. Don haka mai wasa daga Kano ko Sakkwato a sabar Turai ya ga 120 zuwa 150, layinsa lafiya lau yake. Mutanen Nijar da ba su da teku, datarsu sai ta ratsa maƙwabta kafin ta kai gaɓa, nasu kan ɗan ɗara haka.

Shiga saitin wasan ka ga yankin da kake. Inda wasan ya ba da yankin Afirka, gwada shi, amma ka yarda da lambar da ka gani ba sunan yankin ba, domin sabar da ke Afirka ta Kudu ba lallai ta fi ta Turai kusa da kai ta hanyar kebul ba. Gargaɗi: tun 2020 PUBG Mobile ta sa dokar jira bayan canjin saba, a lokacin kwana 60 ne, don haka karanta abin da aka rubuta kafin ka tabbatar. A Free Fire kuwa yankin a ɗaure yake da asusunka tun ranar da ka buɗe shi. Wanda ya sayi asusu daga hannun wani da ya buɗe shi a yankin Asiya, ya sayi ping ɗin Asiya tare da shi.

Idan kuna wasa a ƙungiya, lura da wanda ya buɗe ɗakin. Abokinku da ke Malesiya ya gayyace ku, sabarsa za ku tafi.

7. Idan wayar ce ta gaza

Wayar da ke nuna hoto 30 a daƙiƙa tana sabunta allo duk bayan milisakan 33, mai nuna 60 kuma duk bayan kusan 17. Saboda haka a saitin hoto, sauke kyau ka ɗaga sauri. A PUBG zaɓi Smooth, sannan ka ɗora frame rate, wato yawan hoto a daƙiƙa, a mafi girman da wayar ta yarda. A Free Fire ma Smooth, ka kunna High FPS idan wayar na ɗauka. Kashe inuwa. Ciyawa mai kyau ba ta taɓa ci wa kowa wasa ba.

Sai zafi, wanda shi ne babban abokin gabarmu a nan. Waya ta yi zafi, da kanta take rage ƙarfin injinta don kada ta lalace. Alamarsa ita ce wasan farko lafiya, daga na biyu ko na uku sai maƙalewa. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40 a Arewa, abin ya fi tsanani. Cire rigar wayar, zauna a inuwa gaban fanka, rage hasken allo, kada ka yi wasa tana caji. Gargaɗi: kada ka saka waya mai zafi a firiji ko ka ɗora mata ƙanƙara, raɓa za ta taru a cikinta.

Bar wa ma'ajiyar wayar fili, ko da gigabait uku zuwa biyar. Mai waya mai RAM 2 ko 3 ya rufe duk manhajoji ya sake kunna wayar kafin ya shiga, ya kuma haƙura da sauke taswirori da kayan ado da ba ya amfani da su. Wayoyin Tecno, Infinix, Redmi da Samsung suna da yanayin wasa nasu na asali, shi za ka kunna. Manhajojin GFX da ke taɓa fayilolin wasa kuwa ka nisance su, PUBG na rufe asusu har na shekara 10 a kan abin da ta ɗauka maguɗi ne.

8. Ɗan wasan da ke tafiya da kansa

Zare caja ka gani. Caja mara kyau ko wutar janareta mai rawa na sa allo ya riƙa danna kansa. Idan ya daina da ka zare, canja cajar. Idan bai daina ba, goge allon, ka duba gilashin kariya ko ya tsage ko ya ɗago a gefe. Gumin yatsa ma na sa maɓallin tafiya ya kuɓuce, safar yatsa ta 'yan wasa na maganinsa kuma ba ta da tsada. Mai amfani da hannun wasa na PlayStation ko Xbox, idan sandar ta fara ja gefe ɗaya da kanta, ya ƙara deadzone a saiti, wato ɗan motsin sandar da wasa zai yi watsi da shi, kafin ya kai gyara.

Idan kuma ɗan wasanka na nutsewa cikin ƙasa, ko gine-gine ba sa bayyana sai ka iso jikinsu, musamman bayan sabuntawar da ta yanke a tsakiya, fayilolin wasan ne suka lalace. PUBG na da maɓallin Repair a shafin shiga. Gargaɗi mai girma: kafin ka gyara, ko ka danna Clear data, ko ka goge wasan, tabbatar ka ɗaure asusunka da Google ko Facebook. Asusun baƙo, wato wanda ba a ɗaure ba, ya tafi, ya tafi kenan har da duk abin da ka saya. Clear cache ba ta da wannan haɗarin. Ka kuma tanadi data, domin wasan kansa megabait gommai kawai yake ci a awa, amma sake sauke shi gigabait ne, ga shi tun ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari da NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, ta amince da shi a Janairun 2025 kuɗin data ba abin wasa ba ne. Jira tsarin dare mai rahusa.

9. Inda ya dace ka sa kuɗi

Bi daga mai araha zuwa mai tsada: sabon layi, kebul, caja ta asali, ƙaramar fankar da ake manna wa bayan waya, sai rauta mai 5 GHz da ɗan batirin da zai riƙe ta idan an ɗauke wuta. Sabuwar waya ita ce ta ƙarshe, kuma sai mataki na 1 ya nuna wayar ce. Farashi na sauyawa kusan kowane wata, don haka taya a shago biyu ko uku, a Farm Centre ko titin Beirut idan kana Kano, ka kuma nemi a gwada maka kayan a gabanka. Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam da ya shigo Najeriya a farkon 2023, yana taimakon wanda ke inda sabis ba shi da ƙarfi, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya don wasa kawai, sai dai gidan gem ko haɗin gwiwa.

VPN na kyauta ƙara maka nisa yake yi, bar shi. Manhajojin biya irin su ExitLag da GearUP suna canja hanyar da saƙonka ke bi, wani lokaci su taimaka idan kamfaninka na zagaye da kai, amma ba sa gyara raunin sigina ko cunkoson ƙarfe. Kada ka biya sai ka yi gwajin kyauta ka ga lamba ta sauka. Canja DNS kuwa, da ake ta yaɗawa a bidiyo, ba ya taɓa ping na cikin wasa.

10. Idan matsalar ta fi ƙarfin gidanka

Ka yi komai, ping ya tashi rana ɗaya, tambayi abokan wasanka. Idan kowa na kuka a layuka daban-daban, ko dai sabar wasan ce ta cika, kamar yadda kan faru ranar sabuntawa, ko kuma babbar hanya ce ta samu matsala. A ranar 14 ga Maris 2024 kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS, ACE, MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama, gyaran kuma ya ɗauki makonni. A irin wannan rana kada ka shiga wasan da ake ƙirga maki, za ka zubar da matsayinka a banza.

Idan dole ka yi wasa da ping mai yawa, sauya salo: sauka nesa da cunkoso, guji faɗan cikin ɗaki, ɓuya tun kafin ka ga ya zama dole, kada ka tsaya leƙe a wuri ɗaya sau biyu, ka bar wa mai ƙaramin ping tuƙin mota.

Idan kuma layinka kaɗai ne ya lalace kwana da kwanaki a unguwarku, kira 300 idan kana Najeriya ka kai ƙorafi ga kamfanin layinka. Ba su sunan unguwa, lokutan da abin ke faruwa da lambobin da ka rubuta a mataki na 2, ka karɓi lambar ƙorafin ka adana. Ba a gyara ba, kira 622, layin NCC na kyauta, za su tambaye ka wannan lambar.